Rantsuwar da Kawu Sale Ya Ƙi Yi

Kafin sunana ya ɓaci, Injiniya ake kirana a Daura, duk da ban taɓa leƙa ajin injiniyanci ba. 'Yar difloma ce kawai na yi a fannin kwamfuta, sauran kuwa a shagon gyara na tsince shi, wajen kwance na'urorin mutane ina ɗaurawa. Ba ɗan iska na tashi ba, gara in fara da wannan don kada wani yaro ya karanta ya ce ai shi ba irina ba ne. Ina salla cikin jam'i, ba na shaye-shaye, in na samu nakan kai wa Inna kuɗin cefane. Aibina guda, ina jin daɗin in ga na san abin da na kusa da ni bai sani ba. Ku samari masu wayon na'ura, da ku nake, domin na san da yawanku kuna da wannan ciwon.

Ina da kawu, Kawu Sale, yayan mahaifiyata. Shi ne akawun Alhaji Tukur, wani babban ɗan kasuwar riɗi da wake da zoɓo, mai sito a Daura da Mai'adua da Kongolam. Tun ba a haife ni ba suke tare. Kullum bayan azahar kwano ɗaya suke sa wa hannu a ƙofar ofis, kowa yana gani. Kawu bai tara dukiya ba, amma yana da abin da ya fi ta tsada a garinmu, wato baki. Idan ya ce ya san mutum, magana ta ƙare. Mai neman hayar shago, mai neman aiki, mai neman aure a gidan da ba a san asalinsa ba, duk wurinsa suke zuwa ya tsaya musu, kuma ba a taɓa jin wanda ya tsaya wa ya ba shi kunya ba. Wannan bakin nasa shi ne abin da na sace. Kuɗin da aka kama ni a kansu ƙaramin abu ne.

'Ya'yan Alhaji ne suka matsa a zamanantar da harka. Suna so duk buhun da ya shiga sito a Kongolam a gan shi a Daura nan take, ba sai an jira direba ya kawo labari ba. Babban ɗan, Bashir, ya so a ɗauko kamfani daga Kano. Kawu ya ce ga ɗan ƙanwarsa nan yana zaman jiran masu fasasshen gilashin waya, me zai hana a gwada shi. Ranar da ya kai ni, Alhaji bai tambayi takarduna ba, bai ma dube ni sosai ba. Kawu ya duba.

"Sale, ka tsaya masa?"

"Na tsaya masa, Alhaji. Ɗana ne."

Shi ke nan, aka miƙa mini makullin ɗakin ciki.

Aikin kuwa na yi shi da kyau, wannan ko a gaban alƙali ba a musa ba. Na sayo kwamfuta mai ƙarfi na girke ta a ɗakin ciki, ita ce muke kira saba, wato uwar da sauran kwamfutoci ke zuwa wurinta su ajiye bayani su ɗauka. Na haɗa ta da sola don kada ɗaukewar wuta ta kashe ta, na ɗora mata manhajar lissafin kaya. Akawun kowane sito sai ya buɗe shafi a kwamfutarsa ya shigar da abin da ya karɓa. Na kuma tsara duk intanet ɗin ofishin Daura ya riƙa bi ta cikin sabar, da hujjar a hana yara ƙarar da data wajen kallon ƙwallo. Alhaji ya ji daɗin wannan fiye da komai.

Matsala ɗaya ta rage. Duk wanda ya buɗe shafin sai jan gargaɗi ya tare shi, cewa wannan wuri ba amintacce ba ne. Akawun Mai'adua ya kira a tsorace, wai kwamfutarsa ta kamu da cuta. Alhaji ya nemi bayani, na ce masa satifiket ne babu. Na kwatanta masa da kasuwar shanu: baƙo ba ya sayar da sa sai dillalin da aka sani ya tsaya masa cewa ba na sata ba ne. Haka shafin intanet, sai wata hukuma da kwamfutocin duniya suka yarda da ita ta ba shi shaida, sannan ɗan kwaɗo ya bayyana a saman shafin, alamar an kulle tsakaninka da shi. Alhaji ya ce to a nemo dillalin.

Neman sa ba wuya ba ne, ba ma tsada ba ne. Sai dai yana buƙatar a yi wa shafin rajistar suna, a bi wasu matakai, a riƙa sabuntawa. Ganda ta hana ni. Na zauna na ƙirƙiri satifiket da hannuna, na naɗa kaina hukumar. Na ɗauki filashi na bi kwamfutocin nan ɗaya bayan ɗaya, daga Daura har bakin iyaka, ina shigar musu da shi, ina gaya wa kowace cewa duk abin da wannan satifiket ya sa wa hannu ta yarda da shi. Jan gargaɗi ya ɓace, kwaɗo ya fito. A ranar, wallahi, ban ƙulla komai a raina ba. Kamfanoni ma suna yin haka a cikin gidansu, amma sukan san sun yi, su san wa ke riƙe da mabuɗin. Ni ban gaya wa kowa ba, Alhaji ya ci gaba da zaton dillalin duniya ne ya tsaya masa.

Bayan 'yan makonni tunanin ya zo mini, ina zaune ina jiran wani abu ya gama sauka. Kwamfutar da ta yarda da sa hannuna, ai ko na ce mata ni ne banki za ta yarda, ko na ce ni ne gidan imel. Ga shi kuma duk zirga-zirgarsu ta cikin sabata take bi. Na ce bari in gwada in gani ko zai yiwu, gwaji kawai. Ya yiwu. Saƙonnin mutane suka buɗe a gabana kamar an yaye labule, su kuma can suna ganin ɗan kwaɗonsu a rufe.

Da abin dariya na fara. Akwai wani ƙaramin akawu mai gemu da yawan wa'azi, na tarar yana rubuta wa wata yarinya a Dutsi kalaman da ko mawaƙi sai ya sara masa. Na sha dariya ni kaɗai. Washegari da muka gaisa na ji wani irin girma a raina, na san shi, bai san na san shi ba. Daga nan kullum sai na leƙa. Ban ɗauki komai ba, don haka na riƙa gaya wa kaina ba sata nake yi ba.

Abin da ya fi tsada a ofishin shi ne farashi. Masu fitar da riɗi waje daga Legas sukan aiko wa Alhaji nawa za su saya da kuma yaushe, shi kuma sai ya tura yaransa kasuwannin ƙauye su kwashe kaya kafin labari ya bazu. Alhaji ba ya taɓa kwamfuta. Kawu ne yake buɗe saƙon, ya karanta masa a ɗaki su biyu, ya rubuta amsa da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Duk duniya mutum biyu suka san wannan sirri, sai ni na uku da ba a ƙirga ba.

Akwai wani Ɗanlami, shi ma mai harkar riɗi, wanda kullum a bayan Alhaji yake zuwa. Mukan haɗu a majalisar wani mai shayi. Wata rana yana kukan cewa ya sayar da kayansa da araha, sai bakina ya suɓuce na ce da ya ƙara haƙuri zuwa kasuwa mai zuwa. Don burga kawai na faɗa. Da farashi ya tashi kamar yadda na ce, sai ga shi a shagona da sabuwar waya a kwali, wai tukuici. Bai tambaye ni yadda na sani ba, ni ma ban ce a mayar ba.

Daga nan abin ya zama ciniki. Yaran Alhaji su isa kasuwa su tarar motar Ɗanlami ta riga ta yi lodi. Sau ɗaya aka ce sa'a ce, na biyu aka ce arashi, na uku Alhaji ya daina dariya.

Ban taɓa sanin yadda zargi ke cin gida ba sai a lokacin. Ba wanda ya fito ya ce wa wani kai ne, mu ba ma yin haka. Amma aka fara sauke murya in direba ya shigo. Aka canja wa mai awo wurin aiki ba dalili. Akawun Kongolam ya ji an ce an gan shi yana gaisawa da ƙanin Ɗanlami a wurin jana'iza, ya kwana biyu ba ya cin abinci. 'Ya'yan Alhaji kansu suka fara kallon juna. Mutanen da suka shekara suna wasa da dariya suka koma kowa yana ɓoye fuskar wayarsa. Ni kuwa da nake yawo da kaza a aljihu, ko as aka ce sai gabana ya faɗi. In na ga mutum biyu sun yi shiru da shigowata, sai in ce shi ke nan an gano. Sai daga baya in ji ashe gulmar mai awo suke yi.

Alhaji ya kira ni rannan, Kawu yana tsaye a gefe. Ya tambaye ni ko akwai yadda wani daga waje zai shiga na'urorin nan. Na buɗe shafi na nuna masa kwaɗon da yatsana, na ce muddin yana ganin wannan, ko aljani bai isa ba. Na ƙara da cewa irin wannan ɓaraka daga bakin mutane take fita, ba daga waya ba. Na faɗa ne don in kare kaina. Sai da na ga Alhaji ya kau da kai daga Kawu na gane inda maganar ta faɗa, domin bakin mutum ɗaya ne ya rage.

Kawu kuwa ba yaro ba ne. Ya ga waya, ya ga babur ɗin da na sauya, bai ce komai ba sai Allah ya sa albarka. Amma akwai ranar da na yi wauta. Wani mutumin Legas mai sayen riɗin Alhaji ya rubuto cewa zai jinkirta biya saboda mahaifiyarsa ta rasu. Da rana na shigo ofis, muna hira da Kawu, sai na ce Allah sarki, ashe mutumin Legas rashi aka yi masa. Kawu yana zuba ruwa a buta, sai ya tsaya. Ya tambaye ni wa ya gaya mini. Na ce a bakin Bashir na ji. Ya ce to, ya ci gaba da zuba ruwansa. Na san bai riga ya karanta wa kowa saƙon ba, shi ma ya san haka.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni sai na ga kamar an kusa rufe ƙofa, gara in kwashi mai yawa sau ɗaya in huta. Wani abokina a wani gari ya samo mini asusun banki da sunan da ba nawa ba. Da Kawu ya tura wa mutumin Legas takardar neman biyan kaya, na tare ta a hanya na sauya lambar asusun, na sake ta ta wuce. Kuɗin mota guda na riɗi suka faɗa hannunmu. Da aka bincika, mutumin Legas ya turo hoton saƙon: daga kwamfutar Kawu ya fito, da sunansa a ƙasa.

Ko a nan Alhaji bai ce masa ɓarawo ba. Abin da ya faru ya fi haka ciwo. Bayan azahar aka kawo abinci, sai aka ga kwano biyu. Alhaji ya ce likita ya hana shi gishiri. Washegari Bashir ya karɓi makullin sito daga hannun Kawu, wai za a yanko wani. Kawu ya ci gaba da zuwa da sassafe, ya zauna a teburinsa ba a ba shi aiki, masu shigowa suna gaishe shi sama-sama. Ina ganin wannan da idona, ina zuwa ina goge wa saba ƙura.

'Ya'yan Alhaji suka ce tunda ba a son kai magana wurin hukuma, a yi ta gida: kowane ma'aikaci ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Aka ɗauko wani malami, aka tara mutane a tsakar ofis ranar wata Alhamis da hantsi. Ni ba a sa ni a ciki ba, wai ni ba ma'aikaci ba ne, mai gyara ne, me na sani game da riɗi. Ina tsaye a bakin ƙofa da sukudireba a hannu. Malamin ya faɗi lafazin: mutum zai rantse bai yi ba, kuma bai san wanda ya yi ba. Direbobi suka yi, mai awo ya yi yana kuka, akawu mai gemu ya yi da ƙarfi. Aka zo kan Kawu. Ya dubi Littafin, ya mayar da hannayensa baya, ya ce shi ba zai rantse ba.

Wasu dattawa ba sa dafa Alƙur'ani ko suna da gaskiya, saboda girmansa, kowa ya san wannan. Malamin ma ya so ya ba shi wannan mafita, ya tambaye shi ko tsoron Littafin ne. Kawu ya ce a dai bar shi. Alhaji ya tashi ya shige ɗaki.

Da la'asar Kawu ya zo shagona, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi zama. Ya jira mai karɓar waya ya fita, sannan ya yi magana a hankali.

"Injiniya, rabin rantsuwar nan zan iya yin sa ko a gaban Ka'aba. Ɗaya rabin ne ya gagare ni. Ban gani da idona ba, amma zuciyata ta ƙi ba ni izini in ce ban sani ba."

Na ce Allah ya bayyana gaskiya, Kawu.

"Amin. Ba ka da abin da za ka gaya mini? Tun ana iya gyarawa a cikin gida. Ni zan je wurin Alhaji, ba kai ba."

Na ce ni ban fahimci inda kuka dosa ba, Kawu. Har na yi fuskar wanda aka ɓata wa rai.

Ya juya zai fita. Ya ce to, ka gaida uwarka. Duk abin da na aikata a rayuwata, har da satar kanta, babu wanda yake hana ni barci kamar wannan amsar da na ba shi. An buɗe mini ƙofa, an ce ma za a shiga gabana, na ƙi.

Cikin satin ya ajiye aiki, ya kwashe iyalinsa ya koma gidan gado a wani ƙauye kusa da Baure. Gari ya ɗauka. Wanda ya ƙi dafa Alƙur'ani kuma ya bar gari, me ya rage a faɗa? Mutanen da ya taɓa tsaya wa suka fara cewa dama su sun ga alama. Inna ta yi kuka har idonta ya kumbura, tana tsine wa wanda ya ƙulla wa yayanta sharri, ni kuwa ina zaune a gabanta ina cin tuwonta ina cewa amin.

Na yi niyyar dainawa, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ɗanlami ya ce kaka ta zo, ba lokacin tuba ba ne, kuma ya tuna mini cewa ya san hanyar gidan Alhaji. Na ci gaba da ba shi farashi. Ban lura cewa ramina nake haƙa ba: Kawu ya tafi, Bashir ne yake buɗe saƙo yanzu, amma motar Ɗanlami ba ta daina riga su kasuwa ba. Alhaji bai nuna mini komai ba. Ya ma ƙara sakin fuska, yana tsokanata yaushe za a sha biki. Na riƙa auna kowace dariyarsa ina neman abin da ke ƙarƙashi, ban samu ba.

Bashir ya sayo sabuwar laftof daga Kano, wadda hannuna bai taɓa ba, don haka babu satifiket ɗina a cikinta. Ya haɗa ta da intanet ɗin ofis ya buɗe shafin banki, sai ga jan gargaɗi. Ya cire ya haɗa da datar wayarsa, gargaɗin ya ɓace. Da a da ne, ni zai kira, in yi masa 'yan dabaru in wuce. Amma gidan ya riga ya koyi rashin yarda da kowa, kuma ni na koya musu. Bai kira ni ba. Suka ɗauko wata mata daga Katsina, injiniya ta gaske, ranar Lahadi da ba kowa a ofis. An ce ba ta daɗe ba ta tambaye su wa ya saka wannan satifiket a kwamfutocin, kuma wa ke riƙe da mabuɗinsa.

Washegari aka kira ni wai inbata, na'urar wutar sola, tana ƙara. Na shiga ɗakin ciki na tarar da mutum biyu da ban sani ba zaune a kan benci, ashe 'yan sanda ne, ga Alhaji a tsaye. Bai zage ni ba. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko Sale ya san da wannan. Na ce bai da hannu ko kaɗan. Sai ya dafa bango ya zauna a ƙasa, dattijo da babbar riga, ya rufe fuskarsa da hannu.

Shari'ar ba ta ja ba, domin sabar da na gina da kyau ta ajiye duk abin da na yi. Ɗanlami ya ce shi shawara kawai yake saya a wurin yaro mai basira, bai san daga ina take fitowa ba. Abokina na asusu ya ɓace. Alƙali ya yanka mini shekaruna, na tafi na yi su.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba, wasu sun ba da shi fiye da ni. Abin da zan faɗa shi ne can ma zargin ya bi ni. Wanda ya ba ni sabulu sai in ce me yake nema, wanda ya gaishe ni sai in laluba aljihuna. Mutumin da ya ci amana ba ya ƙara yarda da kowa, domin ya san abin da fuska mai murmushi take iya ɓoyewa. Inna ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, ta kawo ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake, ta ce daga Baure aka aiko. Ban iya cin su ba a ranar. A can na koma karatun da na watsar, na roƙi Allah gafara, kuma na sa a raina in na fita ba inda zan fara zuwa sai wurin Kawu.

Da damina aka sake ni. Na kwana ɗaya a gida na hau mota zuwa Baure. Na same shi a gona yana noman gero, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na durƙusa a cikin kunya na ce ku yafe mini, Kawu. Ya ce ya yafe tun kafin a kai ni kotu, in tashi kada in taka masa shuka. Muka koma gida aka kawo fura, ya sa ludayi biyu a ƙwarya ɗaya. A nan na ji cewa Alhaji da kansa ya zo har ƙauyen, ya nemi gafara a gaban mutane, ya roƙe shi ya koma. Kawu ya yafe masa, amma ya ce zaman teburin nan ya ƙare.

Na fara jin sanyi a raina, ina cewa ashe komai ya gyaru. Sai matarsa ta yi sallama ta tsaya a bakin zaure. Ashe magana ce da suka daɗe suna yi. Ɗansu Nura ya gama karatun akanta yana zaune a gida, ga wani aminin Alhaji a Daura yana neman akawu, ya ma aiko cewa in dai Sale zai kawo yaron da kansa ya ce ya tsaya masa, ya ɗauka. Ta ce tunda ga ni na dawo, komai ya wuce, ya daure ya kai shi. Nura yana tsugune a waje yana jin mu.

Kawu ya ajiye ludayi.

"Ba zan hana shi zuwa ba, ya je da takardunsa. Amma in buɗe baki in ce na tsaya wa mutum, na gama wannan."

Ta ce ai wannan ɗanka ne na cikinka, ka san halinsa.

"Wancan ma na ce ɗana ne, kuma na ɗauka na san halinsa."

Bai dube ni ba da ya faɗa, ba kuma da fushi ya faɗa ba. Ya ɗauki ludayinsa ya ce in sha fura kada ta tsinke. Nura ne ya kai ni tasha a kan babur, da na sauka ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Yanzu ina gyaran waya a wani gari da ba a san ni sosai ba. Ba na karɓar aikin ofis, ko an ba ni. To ku da ake kira ku haɗa saba, ku saka satifiket, ku riƙe lambobin sirrin mutanen da ba su san me kuke dannawa ba, ku ji daga wanda ya gani. Ku bi hanyar da ta dace ko da ta fi tsawo. Duk abin da kuka saka a na'urar mutum ku gaya masa da harshen da zai gane, ku miƙa masa mabuɗinsa, ku ce ya kira wani ya duba aikinku. Ranar da zuciya ta ce leƙa kawai za ka yi, ka tashi ka bar ɗakin, domin ni ma da leƙe na fara. Kafin kuma ka taɓa abin da ba naka ba, ka tuna wanda ya kai ka wurin, ka tuna yana da 'ya'ya a bayanka da za su buƙaci bakinsa. Ni na yi zamana na fito, Alhaji ya mayar da asararsa a kaka biyu. Nura ya je da takardunsa shi kaɗai, aminin Alhajin ya karɓa ya ce za a neme shi. Har yau da nake rubuta wannan, yana ƙauye yana taya babansa noma.